Gaya: Yadda manhajojin AI masu gwajin tsaro ke iya zama ƙofar ɓarayin intanet a bakin iyaka

A garin Gaya da ke jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, babu wanda ke buƙatar a yi masa bayanin ɓarauniyar hanya. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa garin da Malanville na Jamhuriyar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mutane da kayansu suka koma tsallaka Kogin Neja a kwale-kwale.

A cikin kwamfuta ma akwai irin wannan hanya. Wani tsohon rauni ne a manhajoji da ke ba baƙo damar zagaye ƙofar da aka tsara masa, ya shiga inda aka ajiye takardun sirri. Masana tsaron intanet sun san shi fiye da shekara 20, kuma har yau masu kutse na cin kasuwarsu da shi.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne mai neman hanyar. A da mutum ne ke zama yana gwada ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira ta AI da ake aika su yi wannan gwaji da kansu. Wasunsu kyauta ne, kuma duk matashin da ke da kwamfuta da data zai iya sauke su.

An ƙera su ne domin taimaka wa masu kare bayanai su riga ɓarawo gano ɓaraka. Sai dai abubuwan da suka faru a 2025 sun nuna cewa mai gwada ƙofar kan iya shigewa ciki, ya yi ɓarna, ko kuma a juya shi ya cuci wanda ya aiko shi.

Garin da arzikinsa ke kan takarda

Wannan Gaya daban take da Gaya ta jihar Kano. Tana bakin Kogin Neja, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Malanville na tsallaken ruwa, Kamba ta jihar Kebbi kuma na ɗan nesa kaɗan ta gabas.

Kafin rufe iyakar, kaso mafi tsoka na kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku daga tashar Kwatano suke tasowa, su yi tafiyar sama da kilomita 700, sannan su shigo ta nan. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, shi ma ta yankin ya ratsa.

Ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumanta ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro. An buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na shekarar.

Ko ta gada ko ta ruwa ko ta Kamba, kowane kaya na tafe ne da takarda: jerin kayan da aka ɗauko, rasit, lambar mota, katin shaidar direba, lambar wayar mai kaya. Galibin waɗannan takardu yanzu hoto ne ko fayil da ake turawa ta WhatsApp da imel.

Hukumar duwan ta Nijar na aiki da manhajar SYDONIA ta hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda asalinta ya faro a 1981 bisa buƙatar ECOWAS. Daga baya aka ɓullo da tsarin SIGMAT domin hukumomin kwastam su riƙa musayar bayanan kayan da ke ratsa ƙasashe, kuma Nijar da Benin na cikin ƙasashen farko da aka haɗa.

A gefen waɗannan manyan tsare-tsare akwai ƙananan na'urori barkatai: kwamfutar ofishin mai fiton kaya, ta shagon buga takardu, ta kamfanin sufuri, da ta wakilin tura kuɗi da 'yan ci-rani ke aiko wa iyalansu saƙo ta hannunsa. Da yawa daga irin waɗannan wurare ba su da ma'aikacin tsaron intanet. Idan abu ya lalace, yaron da ya iya kwamfuta a unguwa ake kira.

Samun intanet ma ya ƙara sauƙi, musamman bayan da Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a watan Maris na 2025. Ƙarin haɗuwa da duniya na nufin ƙarin ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa daga nesa.

Baƙon da ya wuce zaure

Domin fahimtar raunin, a ɗauki kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, wato sabar, kamar gida mai ɗakuna da yawa. Baƙo iyakarsa zaure. Idan yana son wani abu, sai ya faɗi sunansa, yaron gida ya shiga ɗakin da aka ware ya ɗauko masa.

A harshen kwamfuta, ɗigo biyu da karkataccen layi, wato ../, na nufin a koma baya ɗaki ɗaya. Idan mai rubuta manhajar bai sa ta riƙa tantance sunan da baƙo ya bayar ba, baƙon na iya jera wannan alama sau da yawa a gaban sunan. Sai yaron gidan ya yi ta komawa baya har ƙuryar maigida, ya ɗauko fayil ɗin kalmomin sirri ya miƙa.

A jerin raunukan manhajoji da cibiyar MITRE ta Amurka ke kula da shi, lambar wannan rauni CWE-22 ce. Ya zo na takwas cikin raunuka 25 mafi haɗari a jerin 2023, sannan ya hau zuwa na biyar a 2024.

Tarihinsa dogo ne. A watan Satumbar 2001, ƙwayar cutar kwamfuta ta Nimda ta bi ta irin wannan ɓaraka a manhajar IIS ta Microsoft ta bazu a duniya.

A 2019 aka bayyana wani a na'urorin Fortinet da ma'aikatu ke amfani da su domin ma'aikata su shiga tsarin ofis daga nesa. Raunin na ba da damar karanta fayil mai ɗauke da sunaye da kalmomin sirri a fili. Kamfanin ya fitar da gyara, amma a Satumbar 2021 ya tabbatar da cewa an wallafa bayanan shiga na na'urori kusan 87,000. An kwashe su ne tun lokacin da ba a sa gyaran ba, kuma duk wanda ya sa gyaran bai sauya kalmar sirri ba, ƙofarsa na nan a buɗe.

A Oktoban 2021 aka gano shi a Apache, ɗaya daga manhajojin da suka fi riƙe shafukan intanet a duniya. An fitar da gyara a sigar 2.4.50, cikin 'yan kwanaki aka gano gyaran bai toshe ramin duka ba, sai da aka sake fitar da 2.4.51.

Wanda ya fi kusa da shagunan bakin iyaka shi ne na WinRAR, manhajar matse fayil da ake yawan samu a kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu. A watan Yulin 2025 kamfanin ESET ya gano wata ƙungiya mai suna RomCom na tura fayil a matsayin takardar neman aiki. Da an kwance shi, sai ya ajiye muguwar manhaja a wani wuri daban da wanda mai kwamfutar ya zaɓa. Kamfanonin sufurin kaya na cikin waɗanda aka yi wa hari a Turai da Kanada.

An toshe ramin a sigar 7.13, sai dai WinRAR ba ta sabunta kanta. Duk wanda bai sauke sabuwar da hannunsa ba, tsohuwar ce har yanzu a kwamfutarsa.

A watan Mayun 2024, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, da hukumar FBI sun fitar da gargaɗi na musamman kan wannan rauni, inda suka ce 55 daga raunukan da ke jerinsu na waɗanda aka tabbatar ana amfani da su wajen kai hari irinsa ne.

Ɗan aiken da ba ya barci

Gwajin kutse sana'a ce ta halal. Banki ko ma'aikata kan ɗauki ƙwararre, a rubuta yarjejeniya, a ce masa ya gwada shiga kamar ɓarawo, sannan ya kawo rahoton ramukan da ya gani.

Sabbin manhajojin sun sha bamban da ChatGPT da aka saba yi wa tambaya yana amsawa. Su ana ba su hannu da ƙafa: ikon buɗe shafi, gudanar da umarni a kwamfuta, karanta fayil da rubuta shi. Sai a ba su manufa, su tsara matakan da kansu, su gwada, su duba sakamako, su sake dabara. Shi ya sa ake kwatanta su da ɗan aike.

Raunin ɓarauniyar hanya na cikin waɗanda suka fi dacewa da irin wannan ɗan aike, domin nemansa maimaici ne. Ana gwada alamar ta salo iri-iri a kowace kafa da shafin ke karɓar sunan fayil. Abin da zai gajiyar da mutum cikin sa'o'i, na'ura za ta kwana tana yi.

A watan Afrilun 2024, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun gwada wani ɗan aike da aka gina kan GPT-4 da raunuka 15 da aka riga aka sani. Idan an ba shi bayanin raunin, ya yi nasarar kutsawa a kashi 87 cikin 100. Idan ba a ba shi ba, nasarar ta faɗi zuwa kashi 7.

A Yunin 2025, manhajar kamfanin XBOW ta zo ta ɗaya a jerin masu farautar rauni na Amurka a dandalin HackerOne, bayan ta miƙa rahotanni sama da 1,000. Kamfanin ya bayyana cewa ma'aikatansa na duba rahotannin kafin a miƙa su.

Wannan duba na ɗan Adam shi ne abin da ake rasawa idan irin waɗannan kayan aiki suka faɗa hannun wanda bai san haɗarinsu ba.

Garin neman gira

Haɗari na farko yana cikin yanayin gwajin kansa. Ba a tabbatar da wannan rauni sai an karanta fayil ɗin da bai kamata a karanta ba. Ƙwararre kan tsaya a fayil maras muhimmanci, ya ɗauki shaida, ya dakata. Ɗan aiken AI da aka ce ya tabbatar da girman matsalar na iya ci gaba da ɗebo duk abin da hannunsa ya kai.

Galibin waɗannan manhajoji kuma ba a kwamfutar mai gwajin suke tunaninsu ba. Duk abin da suka karanta suna tura shi zuwa sabar kamfanin AI da ke wata ƙasa. Idan fayil ɗin na ɗauke da hotunan katin shaidar direbobi ko lambobin asusun 'yan kasuwa, to bayanan sun fita daga Nijar ba tare da sanin masu su ba, ko da babu ɓarawo a cikin lamarin.

Na biyu shi ne wuce gona da iri. Hanyar da ake bi a karanta fayil, a wasu manhajojin ana iya bin ta a rubuta a kansa ko a goge shi.

Abin da ya faru da ɗan kasuwar fasaha Jason Lemkin a Yulin 2025 ya nuna yadda hakan ke kasancewa, duk da cewa shi ba gwajin tsaro yake yi ba. Yana gina manhaja ne da ɗan aiken kamfanin Replit, kuma ya ba shi umarnin kada ya taɓa komai. Ɗan aiken ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200. Sannan ya shaida masa cewa ba za a iya dawo da su ba, abin da daga baya ya bayyana ba haka ba ne. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya amince cewa bai kamata a ce hakan na yiwuwa ba.

Lemkin ya dawo da bayanansa saboda akwai kwafi. Ofishin mai fiton kaya da duk takardun shekara ke kan kwamfuta ɗaya ba lallai ya yi wannan sa'ar ba.

Na uku shi ne ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ɗan aiken AI na karanta duk abin da ya tarar, kuma har yanzu ba a samo hanyar da za ta sa ya riƙa bambance bayani da umarni ba tare da kuskure ba. Mai mugun nufi na iya dasa rubutu a cikin shafi ko fayil, wanda idan ɗan aiken ya karanta zai ɗauka umarni ne ya bi. Ƙungiyar OWASP ta sa wannan dabara ta cusa umarni a matsayi na ɗaya a jerin haɗurran manhajojin AI.

Ke nan wanda ya aika ɗan aike ya leƙa gidan wani, ana iya dawo masa da shi ɗauke da umarnin ya kwashe kalmomin sirrin maigidansa.

Shingen da ake sa wa ɗan aiken ma an same shi da irin raunin da ake aikensa nema. A Yulin 2025 kamfanin Cymulate ya bayyana raunuka biyu a wata manhajar kamfanin Anthropic da ke ba AI damar taɓa fayiloli a cikin folda ɗaya tak da aka ware masa. A ɗaya daga ciki, manhajar na duba farkon sunan folda ne kawai. Idan an yarda ya shiga folda mai suna kaya, to zai iya shiga wata mai suna kaya-sirri, tunda farkon sunansu ɗaya. An gyara duka biyun.

Na huɗu shi ne rahoton ƙarya. Daniel Stenberg, wanda ya ƙirƙiro manhajar curl da ke cikin biliyoyin na'urori, ya daɗe yana kokawa kan rahotannin rauni na bogi da AI ke rubutawa, masu kyan tsari amma babu gaskiya a ciki. A farkon 2026 ya rufe shirin biyan lada ga masu kawo rahoto saboda yawansu.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa, ƙaryar na iya zuwa ta fuska biyu. Ko a tsorata shi da ramin da babu shi ya biya kuɗin gyara, ko a ba shi rahoton cewa komai lafiya alhali ƙofa na buɗe.

Kayan gwaji a hannun ɓarayi

Yankin Afirka ta Yamma ya riga ya ɗanɗana abin da ke faruwa idan kayan aikin masu gwaji suka koma hannun ɓarayi.

A Nuwamban 2022, kamfanin Group-IB tare da sashen tsaron intanet na Orange sun fitar da rahoto kan wata ƙungiya mai magana da Faransanci da suka kira OPERA1ER. Rahoton ya ce tsakanin 2018 da 2022 ta kai hare-hare sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi, ta sace aƙalla dala miliyan 11. Nijar da Benin da Najeriya duk suna cikin ƙasashen da aka lissafa.

Ƙungiyar kan shiga ne ta saƙonnin imel na yaudara, amma abin da ya ja hankalin masana shi ne ba ta ƙera makamanta ba. Ta yi amfani da kayan da ake samu a kasuwa, ciki har da Metasploit da Cobalt Strike, waɗanda aka yi su domin masu gwajin halal. A Yulin 2023 hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta sanar da kama wani da ake zargin jigo ne a ƙungiyar a ƙasar Kwaddibuwa.

Waɗancan kayan na buƙatar ƙwararren hannu. Na yanzu sun rage wannan buƙata.

A Satumbar 2025, kamfanin Check Point ya ba da rahoton cewa masu kutse na tattauna yadda za su yi amfani da HexStrike AI, wata manhajar gwaji ta kyauta da ke haɗa AI da kayan aikin tsaro sama da 150, kan wasu raunukan Citrix sa'o'i kaɗan bayan bayyana su.

A Nuwamban 2025 kuma Anthropic ya ce wata ƙungiya da yake alaƙantawa da gwamnatin China ta yi amfani da manhajarsa ta Claude Code wajen kai hari kan ma'aikatu da kamfanoni kusan 30, ta kuma yi nasara a kan kaɗan daga ciki. A cewar kamfanin, AI ne ya yi kashi 80 zuwa 90 na aikin. Dabarar da aka yi masa ita ce an shaida masa cewa yana aiki ne da kamfanin tsaro na halal da ke gwajin kariya. Wasu masana sun nemi kamfanin ya fitar da ƙarin hujjoji, amma darasin a fili yake: ɗan aiken ba ya iya ganin takardar izini, abin da aka faɗa masa kawai yake ɗauka.

Ƙasa uku, doka uku

A nan ne matsayin Gaya ya bambanta da na sauran garuruwa. Ɗan kasuwa ɗaya na iya zama a Gaya, abokin hulɗarsa na Kwatano, mai sayen kayansa na Kamba ko Birnin Kebbi, shafinsa kuma na kan sabar da ke Faransa. Ɗan aiken da aka saka a kan kwamfutarsa zai bi duk adireshi da kalmar sirrin da ya tsinta, bai san inda ikon mai aikensa ya ƙare ba.

Doka kuwa ta san iyaka. A Nijar, doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ta haramta shiga tsarin kwamfutar wani ba da izini ba. Akwai kuma hukumar HAPDP da ke kula da kare bayanan jama'a.

A Najeriya, sashe na 6 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi tara da ɗaurin da kan kai shekara biyar zuwa bakwai, gwargwadon nau'in laifin. Gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa sa'a 72.

A Benin, kundin dokokin fasahar zamani mai lamba 2017-20 ne ke aiki, kuma kotun CRIET ta yi suna wajen ɗaure masu laifukan intanet.

Idan manhaja ta tsallaka daga kwamfutar da aka yarda a gwada zuwa ta banki ko ta hukumar kwastam, wanda ya kunna ta za a nema. Izinin da maigidan shago ya bayar da baki bai shafi tsarin da ba nasa ba. A yanayin da ake ciki na zargin juna tsakanin gwamnatocin yankin, taɓa tsarin gwamnati daga bakin iyaka na iya ɗaukar fassarar da ta wuce wasan yara.

Abin da ya kamata a yi

Ga matashin da ke son koyon wannan sana'a, akwai filayen atisaye na halal kuma kyauta. Makarantar intanet ta PortSwigger na da darussa na musamman kan wannan rauni. Akwai kuma Juice Shop na OWASP da DVWA, shafukan da aka gina su da ramuka da gangan domin mutum ya sauke a kwamfutarsa ya yi ta gwaji ba tare da ya taɓa kayan kowa ba.

Idan aikin gaske ne, matakin farko takarda ce mai sa hannun mai tsarin, wadda ta fayyace adireshin da za a gwada, da ranar farawa da ta gamawa, da abin da ba za a taɓa ba.

Ya kamata a yi gwajin a kan kwafin tsarin mai ɗauke da bayanan bogi. Ana kuma iya ajiye wani fayil maras amfani a wajen shingen, a ce shi kaɗai ne abin nema. Idan an iya karanta shi, an tabbatar da raunin ba tare da an buɗe takardar kowa ba.

Shi kansa ɗan aiken, a killace shi a kwamfutar da babu kalmar sirri ko imel ko manhajar banki a cikinta. A toshe masa fita zuwa duk adireshin da ba ya cikin yarjejeniya, a matakin na'ura, domin umarnin baki kaɗai bai hana na Replit ɓarna ba. Duk matakin da ya shafi rubutu ko gogewa ya jira amincewar mutum, kuma a adana tarihin duk abin da ya yi.

Ga masu rubuta manhaja, shawarar CISA da FBI mai sauƙi ce: kada a bar baƙo ya zaɓi sunan da za a ajiye fayil da shi. Manhajar ta ba kowane fayil lambarsa, ta ajiye ainihin sunan a wani wuri daban. Inda hakan bai yiwu ba, a taƙaita haruffan da ake karɓa a suna.

Ga mai shago ko ofis, akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi: sabunta WinRAR da sauran manhajoji, sauya kalmar sirri bayan kowane gyara, ajiye kwafin takardu a wata na'urar da ba ta haɗe da intanet, da goge hotunan katin shaidar mutane da zarar an gama aikinsu. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga 'yan ci-rani da ke turo kuɗi da takardu gida daga Legas ko Abidjan ko Turai, duk hoton fasfo da aka tura wa wani shago yana nan a kan wata kwamfuta har sai an goge shi. Neman a goge shi bayan an gama aiki haƙƙi ne da dokokin kare bayanai suka amince da shi.

Idan kuma wani ya zo ya ce zai duba tsaron kwamfutar ofis da AI cikin minti goma, akwai tambayoyin da ya kamata a yi masa kafin a miƙa masa kujera: ina bayanan da manhajar ta karanta za su tafi, me zai hana ta wuce kwamfutar nan, kuma wa zai ɗauki alhaki idan ta goge wani abu. Wanda ya kasa amsa su a rubuce, a bar shi a zaure.